Tafin Hannu a Kan Burodi

A kan burodin da aka ajiye wa Mai Hoto da safe akwai tafin hannu, kuma ba na matarsa ba ne.

Hannu a kan burodi ba baƙon abu ba ne a gidan. Tun suna ango da amarya haka matarsa take gasa shi: yanka biyu, ƙwai da albasa a tsakani, ta ɗora a kasko, sannan ta danne na saman da tafin hannunta har sai ya kwanta. Idan ta juya shi, inda hannun ya lotsa ba ya taɓa kaskon sosai, sai wurin ya fito fari-fari a tsakiyar ja, kamar fim ɗin hoto idan an ɗaga shi a haske. Shekara da shekaru Mai Hoto yana cin wannan hannu da shayi. Ya san shi kamar yadda mutum ya san hanyar gidansu: siriri ne, yatsun dogaye, a haɗe da juna.

Wannan kuwa faffaɗa ne, yatsun a ware, na tsakiya ya gaza da gaɓa guda.

Shi ma ya san shi, har ya fi sanin na farko, domin wannan a kumatu ya fara karanta shi. Ƙofar mota ce ta datse gaɓar tun yana goye. Hannun Inna ne, mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun autarsu ba ta gama makaranta ba, kuma yana cikin waɗanda suka saka ta a rami, saboda haka babu wanda zai ce masa labari ya ji.

"Malam, ba ka ci ba," in ji matarsa.

"Ina ci."

"Kallo kake yi. Ko shi ma hotonsa za ka ɗauka?"

Ya kifa burodin, ya gutsura. Abin takaicin shi ne ya fi na da daɗi.

Al'amarin ya soma ne tun da ta dawo daga asibiti, bayan hawan jini ya kayar da ita a bakin famfo. Likita ya ce an auna arziki, ya rubuta magunguna, ya sallame ta. Ta dawo da ƙafafunta, bakinta bai karkace ba, washegari ma ta shiga kicin ta rufo ƙofa kamar kullum. Tun daga ranar, kowace safiya, hannun nan ne. Mai Hoto ya yi abin da duk mai hankali zai yi: ya ƙirga yatsun matarsa a sace, lokacin da take ajiye faranti. Biyar ne cif, babu wanda ya gaza. Ya kuma lura cewa da hagu take zuba shayi yanzu, ya ɗauka wani sabon salo ne na mutanen da suka kwanta a asibiti, ya bar maganar nan.

Kicin ɗin kuwa bai taɓa shiga ba. Dokar Inna ce tun tana raye, cewa namiji ba ya tsallaka wannan ƙofa, kuma cikin dokokinta masu yawa ita kaɗai ce bai taɓa yi wa gardama ba. Iyakacinsa ɗan lungun da ke tsakanin kicin da falo. Can ya riƙa tsayawa a 'yan kwanakin nan, yana gyara agogon bango da bai lalace ba. Yakan ji bota tana ƙara a kasko. Yakan ji muryar matarsa ƙasa-ƙasa.

"To."

Shiru.

"Ai na rage."

Shiru mai ɗan tsawo.

"Na ji, na ji. Gobe zan yanka ƙanana."

Murya ɗaya ce kawai. Amma mutum ba ya ba kansa haƙuri da irin wannan ladabi. Ta ƙarƙashin ƙofar, gauraye da ƙamshin albasa, warin man zafi yake fitowa, irin wanda Inna take shafawa a gwiwa, wanda rabon da a saye shi a gidan tun ranar da aka rabar da kayanta.

Tsakanin Inna da matarsa, a iyakar saninsa, ba a taɓa yin faɗa ba, ba a kuma taɓa yin shiri ba. Inna ta zauna da su har ƙarshen ranta ba tare da ta yaba gishirin surukarta ko sau ɗaya ba. Yanzu ga shi mutuwa ma ba ta raba ta da kicin ɗin ba, ga kuma mace mai hawan jini a kulle da ita kowace safiya. Wannan ne ya hana Mai Hoto sakat. Dole Inna ta fita. Matsalar ita ce yadda za a fitar da ita ba tare da an ambace ta ba.

Domin faɗa ba zai yiwu ba. Auta, 'yarsu da ke aure a ɗaya gefen gari, ta sa masa ido tun ranar da aka tsinci makullin shagonsa a cikin firji. Idan ya buɗe baki ya ce mahaifiyarsa tana gasa masa burodi, kafin la'asar yana gaban likita, kafin mako ya zagayo an rufe shagon. Baki shi ke yanka wuya. Ban da haka, sana'arsa ta koya masa wata hanyar. Tun da wayoyi suka kashe kasuwar ɗaukar hoto, abin da ke ciyar da shi shi ne gyara: a kawo tsohon hoto a ce a cire wane. Tsohon miji, abokin kasuwancin da aka ɓata da shi, amaryar da ba ta zauna ba. Bai taɓa tambayar laifin wanda ake cirewa ba. Yakan shafe mutum ya mayar da bango, ko labule, ko bishiya, mai hoton ya karɓa ya yi godiya ya tafi da tarihinsa a gyare. A ganinsa yawancin matsalolin duniya haka suke: ba tambaya suke buƙata ba, bango suke buƙata.

Ana cikin haka hutun ƙarshen shekara ya gabato. Auta ce ta shigo musu da tsarin ba juna kyauta a wannan hutu, kuma ita ce mai sa ido a kansa, don haka ta bugo waya.

"Baba, me za ka ba Mama bana?"

"Ina tunani."

"Don Allah ban da hoto. Bara hotonka ka ba ta."

"Hotonmu ne."

"Ita kunnenta ne kawai ya fito."

Ya yi gyaran murya. Ya ce ya ji ana sayar da wata na'ura mai murfi, wadda ke matse burodi ta gasa shi sama da ƙasa, ba sai an sa hannu ba.

"Baba, ka burge ni," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Amma ka duba marar nauyi. Ka ji ko? Marar nauyi."

Ya ce ya ji. Ya daɗe da sanin cewa idan aka ce wa Auta an ji, takan ajiye waya.

Kantin kayan kicin ɗin yana hawa na biyu, saman wani wurin sayar da tayoyi. Dogon ɗaki ne mai fitilu farare, babu taga. An jera na'urorin a kan kanta guda daga wannan bango zuwa wancan, kowace da murfinta a ɗage, kamar kadoji suna shan hantsi. Mai kantin, wani mai tumbi da tabon ƙuna a babban yatsa, ya taso yana goge hannu.

"Yallaɓai, kyauta ce ko ta gida?"

"Kyauta ce ta gida."

"Madalla, ita ce mai albarka, mai bayarwa shi ke ci. Abin da kake nema sunansa a kwali panini." Ya furta kalmar da girmamawa, kamar sunan surukinsa. "Mutum nawa ne a gidan?"

"Biyu," in ji Mai Hoto. Sai ya sake cewa, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ɗakin yake buƙata, "Mu biyu ne."

Mai kantin ya dube shi, ya dubi bayansa, ya ci gaba. Ya fara da wata ƙarama, fara, mai jikin roba. Ya sa filogi, ya ɗauko burodi daga wata leda da yake ajiyewa domin gwaji, ya rufe, ya dafa mariƙin.

"Wannan ita mata suka fi so. Yaro ma zai ɗaga ta. Sai dai a ɗan danna ta da hannu, haka."

"Da hannu?"

"Kaɗan."

"A'a."

"To ga wannan, cikinta sumul, ba ta barin zane ko ɗaya. Burodi ya fito fes kamar takarda."

Mai Hoto ya yi tunanin farar takarda a cikin ruwan wanke hoto, yadda take zaune babu komai, sannan a hankali fuska ta taso daga cikinta. Ya girgiza kai.

"Mai zane nake so. Zane ko'ina, kada ya bar fili."

"Yallaɓai ya san abin da yake so," in ji mai kantin, da muryar wanda bai san abin da Yallaɓai yake so ba. Ya ja shi zuwa ƙarshen kanta. Can wata baƙa take zaune, ƙarfe zalla, cikinta layi-layi kamar haƙoran zarto, mariƙinta kamar na ƙofar banki. "Wannan ta masu gidan abinci ce. Murfin da kansa yake aikin. Ka sauke shi ka koma gefe, ko guga ka ɗora a ciki sai ya kwanta."

Ya gasa yanka biyu. Mai Hoto ya karɓa, ya cire tabarau, ya kai burodin ƙarƙashin fitila, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya karkata shi. Layuka ne baƙaƙe a jere, daidai wa daida, babu wanda ya gaza ɗan'uwansa. Rabon da ya ga abu mai kyau haka ya manta.

"Amma gaskiya ɗaya," in ji mai kantin. "Wa ke girkin?"

"Maman yara."

"Da ka kawo ta ta gwada ɗagawa. Irin wannan ana yawan dawo mini da ita. Miji ya zaɓa da ido, mata ta dawo da ita da ciwon kafaɗa."

"Ba za a dawo da ita ba."

A can farkon kanta wani abu ya yi ƙara a hankali. Suka waiwaya tare. Murfin ƙaramar farar nan ne yake sauka, ba faɗuwa ba, sauka, sannu-sannu, har ya haɗe, sannan ya ƙara lotsawa kaɗan kamar an gwada ƙarfinsa. Babu kowa a wurin. Wani ɗan wari mai yaji ya ratso ƙamshin burodin.

"Maɗaurin ne ya saki," in ji mai kantin. Ya shinshina iska. "Ko da yake sabuwa ce. Yallaɓai, kai ka shafa man zafi?"

"A naɗe mini baƙar," in ji Mai Hoto.

Shi da mai tasi suka sauko da ita daga bene, suna nishi kamar masu ɗaukar mara lafiya. Ya ɓoye ta a shago ƙarƙashin baƙin ƙyallen tsohuwar kyamararsa. Kwanakin da suka rage ya ci burodinsa a kife, da haƙurin mutumin da ya san an kusa yanke hukunci.

Ranar hutu Auta ta zo da hantsi. Ta ba uban hula, ta ba uwar takalmi mai taushi, sannan aka jawo kwalin tsakiyar falo. Matar ta ɓare takardar da hannun hagu, tana taimakawa da haƙori. Mai Hoto yana can yana neman inda haske ya fi kyau. Auta ta kama mariƙin murfin, ta ja, ta sake ja da hannu biyu, sannan ta ɗago ta dubi ubanta.

"Baba, me na ce maka a waya?"

"Wannan ta fi ƙarko."

"Ƙarko."

"Bar shi," in ji uwar. "Babanki ya yi ƙoƙari. Bana ko kunnena babu a ciki." Ta shafa baƙin ƙarfen, ba ta kallon kowa. "An gode, Malam. Allah ya ƙara buɗi."

Auta ce ta rungumi na'urar ta kai kicin, ta nuna wa uwar inda ake kunnawa. Da za ta tafi da yamma ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ta gyara wa uban zaman sabuwar hular, ta ce ya riƙa shan maganinsa, ta wuce.

Washegari Mai Hoto ya zauna a teburi da wuri. Ƙofar kicin a rufe. Bai ji ƙarar bota ba, bai ji murya ba. Ya yi murmushi, ya buɗe jarida. Ya karanta shafin farko, ya karanta na wasanni, wanda ba ya karantawa, ya kai ga tallace-tallacen filaye. Rana ta hau kan tebur ta kai ga kofinsa, kofin babu komai. Gidan ya yi irin shirun da yake yi idan an ɗauke wuta, alhali firji yana ta gurnaninsa.

Sai ƙofar ta buɗe.

"Malam. Zo."

"Ina?"

"Nan."

Ya tsaya a bakin ƙofar kamar baƙon da ke jiran a amsa sallama, sannan ya tsallaka. Ɗakin ya fi yadda yake zato ƙanƙanta. Idonsa, wanda ba ya hutawa, ya shiga aiki da kansa. Duk abin da ake amfani da shi an sauko da shi ƙasa, an tara a gefen hagu. Kwalaben gishiri da sukari murafunsu a ɗore kawai, ba a murɗe ba. An kafa ƙusa a jikin katakon yanka, an soke rabin albasa a kai don kada ta gudu. Kaskon yana rataye a bango, a wanke. Baƙar na'urar ta cinye rabin kanta, jar fitilarta a kunne, bakinta a rufe, burodin yana gefe a haɗe yana jira.

Matar ta ɗora hannun dama a kan mariƙin. Yatsun nan biyar da ya ƙirga suka kwanta a kai, suka yi ƙoƙarin lanƙwasa, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na hagu. Murfin ya ɗaga kamar faɗin yatsa, ya koma.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun asibiti."

"Ba ki faɗa ba."

"Ba ka tambaya ba. Auta tun ranar farko ta gani." Ba da zafi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin tumatir. "Washegarin dawowata na tsaya a nan, burodi yana ƙonewa, hannu ya ƙi. Na sa hagu na ƙone. Ina tsaye ina hawaye sai aka ce mini in matsa. Na matsa."

Mai Hoto ya lura da inda take tsaye. Ta manne da bango, ta bar fili tsakaninta da murhu, daidai faɗin mace mai jiki.

"Tana takura miki," ya ce, a hankali.

"Sosai. Albasa ta yi girma, bota ta yi yawa, wai har yau ban iya fasa ƙwai ba. Da ranta ba ta yaba ba, yanzu ma ba ta fara ba." Ta gyara ɗaurin zaninta da hannu ɗaya. "Amma kullum tana zuwa, Malam. A gidan nan ita kaɗai ce ta shigo ta ga abin da ake ciki."

Ya dubi kaskon da ke rataye a bango.

"Yau fa?"

"Ta zo. Ta zagaya abin nan naka, ta ce ita ba ta taɓa kayan wuta. Ta ce wanda ya sayo ya zo ya ɗaga."

Ya naɗe hannun riga. Murfin ya fi yadda yake a kanti nauyi, ko kuma a kanti ba shi ya ɗaga ba. Matar ta tura burodin ciki da hagu, ta daidaita shi da bayan cokali. Ya sauke murfin. Bota ta yi ƙara, tururi ya fito ta gefe, ƙamshin ya cika ɗakin. Mai kantin ya ce a sauke a koma gefe, amma bai san inda zai koma ba a cikin wannan ɗan wuri, sai ya bar hannunsa a kan mariƙin. Jim kaɗan ya ga kamar ya isa. Ya yunƙura zai ɗaga.

Wani nauyi ya sauka a bayan hannunsa. Tafi ne faffaɗa, busasshe, mai ɗumi. Yatsun suka ware suka kwanta a kan nasa, na tsakiya bai kai inda sauran suka kai ba.

Ya dubi matarsa. Hannunta na hagu yana riƙe da butar shayi, na dama yana rataye a gefenta.

"Kin ce ba ta taɓa kayan wuta," ya ce.

"Ai ba su ta taɓa ba." Ta karkata butar, shayin ya fara zuba a kofi na farko. "Kada ka ja, Malam, ni ma da farko na yi ta ja. Bai yi ba tukuna. Idan ya yi za ta sake ka."

Mai Hoto ya tsaya yana jira.